Yadda Na Karanta Hotona a Bakin Kasuwa

Ni magini ne, kuma na haura shekara arba'in ina gini ba a taɓa nuna wani gida a birnin Kano an ce ginina ne ba. Wanda bai san sana'ar ba zai ce ƙarya nake yi, domin akwai zauruka a Madabo da Sheshe waɗanda tun daga tubalin farko har zankon ƙarshe hannuna ne. Amma a wurinmu gini ba na wanda ya ɗora ƙasa ba ne. Na wanda mai gida ya danƙa wa ƙunshin goro ne ran da aka yi maganar aiki. Shi za a riƙa ambata da gidan ko bayan ransa. Goron nan kullum a hannun kawuna yake sauka, ni kuwa a jefo mini ɓari ɗaya ina kan katanga, in cafe kamar yadda nake cafe tubali. Sau ɗaya tak ƙunshin ya doso hannuna, kuma ni da bakina na kore shi.

A gidan kawun nan na tashi, don ubana ya rasu ban yi wayo ba. Ina izu goma sha wani abu a allo aka aiko daga wajen mai unguwa cewa Turawa sun buɗe makaranta a bayan gari, ana son yaro ɗaya daga gidan magina. Kawu yana da ɗa sa'ana, taubashina. Ya dube shi, ya dube ni, bai daɗe yana tunani ba. Aka wanke ni aka miƙa. Na yi shekara biyu a can. Na koyi haruffa, na koyi miƙewa tsaye cak idan Bature ya shigo, daga nan aka lura kaina ya cika, aka sallamo ni. Da na dawo allo ya yi mini nisa, ƙannena duk sun wuce ni. Shi ya sa a gaban malamai ni ɗan boko ne, a gaban akawuna kuma mai kwaɓa ƙasa. Ina karanta boko, amma sai na ɗora yatsa, kuma sai leɓena ya motsa.

Abin da bokon ya bar mini mai yawa shi ne ji da kai. Na ɗauka ni ne mai ido a cikin magina. Su kawu ba su san wani zanen fuskar gida ba sai dagi da takobi da allo, abin da suka tarar. Shekarar da ciwon ƙafa ya kwantar da shi, aka bar mini ƙarasa zauren wani dillalin tufafi a Madabo. Da na zo shafe sai na fitar da keke a gefen ƙofa, da ƙafafunsa biyu da ƙahonsa da sirdinsa, duk da ƙasa, na bi shi da makuba har yana sheƙi. Abin da nake so in faɗa wa masu wucewa shi ne mu ma a cikin ganuwa mun san duniya ta motsa. Mai gidan ba shi da keke, bai ma iya hawa ba, amma ya ji daɗi ƙwarai. Wasu dattawa suka ce gidan Musulmi ba kanti ba ne. Wasu suka ce ai kwalliya ce. Da kawu ya warke ya dogaro sanda ya zo, ya tsaya ya daɗe, sannan ya ce ƙafar baya ta fi ta gaba girma. Gaskiya ya faɗa. Kuma har yau in ka tambayi wanda ya yi zaure mai keke, sunansa za a faɗa maka.

Bayan wata damina mai ƙarfi, masinja ya zo gidanmu ya ce wani Bature daga ɗaya daga ofisoshinsu yana son ɗaukar hoton zauren, da maginin a tsaye a gabansa. Kawu ya ce shi ba zai tsaya gaban akwatin kowa ba, a kai mai boko. A wannan ma bai daɗe yana tunani ba. Ni kuwa na ce a raina labarin kekena ya kai har wurin masu keken.

Na aro babbar riga wurin maƙwabcinmu, wani mai sayar da goro wanda ya ninka ni biyu a jiki. Na aro rawani a wani gidan. Matata ta turara rigar har sai da idona ya yi ruwa. Da na fito, hannun rigar yana sharar ƙasa, na tattare shi a kafaɗa, na bi lungu ina amsa gaisuwar da ba a yi mini ba.

Baturen siriri ne, jajir, yana ta share wuya. Ya kafa akwatinsa a kan ƙafa uku, ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle, ya fito, ya yi wa tafinta magana.

Tafinta ya ce, "Malam magini, ka matsa dama."

Na matsa.

"Kaɗan kuma. Yauwa. Ka saki rigar, ka buɗe hannu. Ya ce riga ce mai kyau, a gan ta."

Na saki riga na baje ta kamar mai shanya. Daga nan Baturen ya ɗauki akwatinsa ya ja da baya. Ya leƙa, ya sake ja da baya, har sai da ya tsallake kwata ya kai bangon gidan da ke fuskantarmu. Na ce a raina so yake zankwayen su shiga duka. Aka ce kada in motsa, kada in ƙifta. Ƙuda ya sauka a hancina ya yi abin da ya kawo shi ya tashi, ban motsa ba. Da aka gama na ce wa Baturen na gode da Turancin da ya rage mini. Ya dube ni, ya tambayi tafinta me na ce.

Aka yi wata biyu shiru, har taubashina ya fara tambayata ko akwatin ya fashe ne da ya gan ni. Sai wata safiya labari ya iso wurin da muke aiki cewa an kafa wani babban allo mai gilashi a Jakara, daidai inda ake shiga kasuwa, kuma ga ni a ciki. Na diro daga katanga, ko ƙafa ban wanke ba.

Hotuna uku ne a jere, kowanne ya kai faifai girma, a ƙarƙashin kowanne da rubutun boko manya-manya. An sa ɗan doka yana gadi kada a fasa gilashin. Mutane sun yi cincirindo, ɗan dokan kuwa, da yake ba a ce masa ya yi bayani ba kuma ba a hana shi ba, ya ɗauki sandarsa yana nunawa. Daga dama ya fara, kamar yadda duk wanda ya taɓa riƙe allo zai fara.

Hoton dama wani mutum ne da gajeren wando da 'yar singileti, kai ba hula, yana tsaye gaban wani ɗaki mai kusurwa huɗu, fari fat, an kifa masa kwano. Ba zane, ba zanko, ba zaure.

Ɗan doka ya ce, "Kun ga wannan? Talaka ne tilis. Ga ɗan ɗakinsa nan kamar na ɗaurarru."

Wata tsohuwa ta ce, "Allah sarki, ko hula ba shi da ita."

Hoton tsakiya leburori ne da diga da kwanduna a gindin wata katangar ƙasa da ta kai rabi. Ɗan doka ya ce ga shi an fara yi wa talakan gini. Sannan ya kai sandar hoton hagu, ya buga gilashin da kansa: ga ni nan, na cika hoto da riga, bayana zaure da zankwaye. Ya ce wannan shi ne ƙarshen al'amari, Turawa suna nuna yadda mutum yake tashi daga babu ya zama mutum a zamaninsu. Wani ya ce ai mutum ɗaya ne a hoton farko da na ƙarshe, ƙiba ce ya yi. Wani ya waiwaya ya gan ni, ya ce ga shi nan ma. Aka dare mini hanya.

Na matsa gaban gilashi. Abin da na fara nema kekena ne. Babu shi. Yana bayan rigar maƙwabcina, wadda na baje da hannuna biyu, ko ƙahonsa bai leƙo ba. Sai a lokacin na gane matsa dama da aka yi ta sa ni. Ja da bayan ma na gane shi, domin ga kwata nan a gaban hoton baƙi ƙirin, ga juji da akuya a kai, ga katangar gidan maƙwabta da ruwa ya zubar. Duk ranar suna nan, ni ne ban gan su ba, ina ta kaina.

Daga nan na saukar da ido kan rubutun. Ban ɗora yatsa ba saboda mutane, na dai bi shi a hankali da ido daga hagu kamar yadda aka koya mini. A ƙarƙashina an rubuta: tsohon gini, gidan cuta da ɓera. A ƙarƙashin leburori: ana kawar da shi. A ƙarƙashin mai gajeren wando: sabon gini, gidan lafiya.

Na sake karantawa ko na yi kuskure, tun da kuskure ba baƙona ba ne. Ban yi ba. A rayuwata ban taɓa karanta abu daidai haka ba.

Wani mahauci ya dafa ni ya ce, "Malam, kai da ka yi boko, me suka rubuta maka?"

Na ce ƙasa ta faɗa mini a ido tun safe, ba na gani sosai.

Da na koma gida cin abincin rana na tarar da matata tana kaɗi a inuwar rumfa. Na faɗa mata komai, har da ɓeran. Ba ta tsayar da mazarinta ba.

Ta ce, "Wa ya san abin da aka rubuta?"

Na ce, "Ni."

"Sai wa?"

"Sai akawuna da 'yan makaranta. Su kuma ba sa tsayawa a bakin kasuwa cikin mahauta."

"To Malam, ka haɗiye shi. Kai ka ce musu su fara daga dama?"

Na ce a'a.

"To ina ruwanka. Ka ci tuwonka."

Na haɗiye, kuma ya zauna mini lafiya. Kwana goma sha biyar na yi ina mutum. Masu faci da dukawa suna miƙewa su gaishe ni. Wani malami a Madabo da ya ce hoto haramun ne, sau biyu na gan shi a gaban allon, yana kallo ta gefen ido. Na riƙa ƙirƙiro abin da zai kai ni kasuwa. In matata ta ce gishiri ya ƙare, kafin ta rufe baki na sa takalmi. Nakan tsaya nesa kaɗan da allon, inda za a iya ganina a kwatanta, in yi kamar ina duba igiya. Kowace rana ina ganin kalmar ɓera a ƙarƙashin ƙafata, ina amsa barka.

A cikin kwanakin nan ne wani Alhaji a Sheshe ya aiko a kira ni. Ni, ba kawu ba. Asalinsu mutanen Barno ne, amma kakanninsa ma a nan aka binne su. Fatu yake saya yana kai wa kamfanonin Turawa a bayan gari. Mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa, ba ya gaggawa. Zai rushe tsohon zaurensa ya tayar da sabo, da soro a sama, fuskar gida mai faɗin da ban taɓa samu ba. Na zauna a gefen buzunsa ina kallon bangon, tuni na fara zana jirgin ƙasa a kai, da hayaƙinsa.

Ya ce, "Na dawo daga tafiya na tarar ana cewa Turawa sun ɗaga ka a kasuwa."

Na ce, "Haka mutane suke faɗa, Alhaji."

Wannan ba ƙarya ba ce, kuma na ji daɗin yadda na tsara ta.

Ya ce, "Baƙina yanzu ba fatake kaɗai ba ne. Turawan kamfani sukan zo har nan. Ina son in sun tsaya a ƙofar nan su ga aikin wanda su da kansu suka yaba. Gobe da hantsi mu je in ga hoton da idona, sai mu gama magana a can."

Washegari na same shi a ƙofar gida. Aljihun rigarsa ya yi nauyi a gefe ɗaya, ganyen ƙunshin goro ya ɗan leƙo. Tun daga Sheshe har Jakara ina tafe ina satar kallon aljihun nan kamar akuya ta ga dusa.

Da muka isa sai ga taubashina a jingine da rumfar wani mai tabarmi. Labari ya kai gidanmu cewa goro zai sauka a wani hannu, an turo shi ya gani. Ya gaida Alhaji har ƙasa, ni kuma ya ce, "Ranka ya daɗe, Baturen laka." Tsakanina da shi wasa ne tun muna yara, duk abin da ya faɗa mini ba ni da damar fushi a gaban mutane, kuma ya san haka.

Ɗan doka ya ga babban mutum, ya gyara tsayuwa ya yi bayaninsa daga dama zuwa hagu. A kwana goma sha biyar bayanin ya yi ƙiba, har mai gajeren wando ya samu mata da ta gudu ta bar shi saboda talauci. Alhaji ya saurara, ya gyaɗa kai. Ya daɗe a kan hotona. Hannunsa ya tafi aljihu. Sai ya tsaya, ya nuna ƙasan gilashin da haɓa.

Ya ce, "Wannan rubutun nasu fa, me yake cewa?"

Na ce, "Alhaji, idona ne yake ɗan damuna kwanan nan."

Taubashina ya yi dariya. Ya ce, "Alhaji, kada ka wahalar da bawan Allah. Idon nan ya hango aljihunka tun daga Sheshe. Karatun ne babu. Shekara biyu ya yi a can, abin da ya dawo mana da shi ƙamewa da ƙwarƙwata."

Mutane suka yi dariya. Na yi tare da su. Har nan ina riƙe da kaina.

Taubashina ya ci gaba. "Ni fa aka so kaiwa, Baba ya hana, aka tura shi. Da ni na je, da yanzu ina ofis ana yi mini fifita. Shi ko sunansa aka rubuta masa a goshi sai ya nemi tafinta. Ku dubi haruffan nan, kowanne ya kai ɗan yatsa. Makaho ma ya shafa ya karanta."

Alhaji bai yi dariya ba, ya dai dube ni, irin duban da ake yi wa fata a ga ko tana da huji. Ba abin da zai same ni in na yi shiru. Mutumin nan gini ya zo nema, ba akawu ba. Kuma ko da zan buɗe baki, ai ina iya cewa an rubuta wannan shi ne gwanin magina, ba wanda zai ƙaryata ni a wurin. Duk na san wannan. Na san shi a lokacin, ba daga baya ba. Amma maganar nan ta an tura ni a madadinsa, ya faɗe ta a gaban mahauta kamar shi aka cuta, ita ta hau mini kai. Na ce a raina kalma ɗaya zan karanta, wadda ba ta da laifi, in rufe masa baki. Kalmar gini kawai.

Na matsa, na ɗora yatsa a kan gilashi. To ni ban iya faɗawa tsakiyar layi ba. Yadda aka koya mini, sai na fara daga farko in bi har in iso.

Na ce, "Tso. Tso-hon. Tsohon gini."

Wurin ya yi tsit. Ban taɓa yin magana mutum hamsin suna saurare ba. A makaranta in na tashi karatu dariya ake yi, a gida ba mai tambayata. Ga shi yau haruffa suna zuwa mini ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ƙi, kamar tubali daga hannun mai jifa nagari. Na ji muryata ta ƙara ƙarfi. Na karanta gidan cuta. Na karanta ɓera, har na maimaita shi don wanda ke baya ya ji. Na wuce hoton tsakiya, na wuce na dama, na dire a kan gidan lafiya, na ɗauke yatsa. Sannan na juya na dubi taubashina. Ina jin har murmushi na yi.

Alhaji ba kalmomin ya bi ba, yatsana ya bi. Ya ce, "Me ya sa ka fara daga wannan gefen?"

Na ce, "Haka boko yake tafiya, Alhaji. Daga hagu yake farawa." Da alfahari na faɗa, kamar ni na ƙirƙiro shi.

"Hotunan ma?"

Sai a nan ƙafata ta taɓa ƙasa. Na yi shiru, amma shirun ya makara.

Ya ce, "Ina tambaya ne, Malam."

Na ce, "Hotunan ma."

"Ashe kai ne farko, mai gajeren wando ne ƙarshe."

"Haka ne."

"Waɗannan na tsakiya kuma ba gini suke yi ba."

"Rushewa suke yi."

Wani a baya ya fara dariya, ta bazu har rumfunan masu tabarmi. Tsohuwar nan mai tausayin marar hula, ko wata irinta, ta ce to ita dai har yanzu ba ta ga abin sha'awa a ɗakin kwanon ba. Ɗan doka ya ce ƙarya nake yi, shi aka sa a wurin ba ni ba, ya kore mutane da sanda. Taubashina kaɗai bai yi dariya ba. Ya gane kafin kowa cewa tsohon ginin nan ba ni kaɗai ba ne, har da ubansa da shi da duk wanda ya taɓa kwaɓa ƙasa a garin nan. Ya matso kusa da kunnena ya ce, "Ashe ka iya. Allah ya isa tsakaninmu da iyawarka."

Alhaji ya ja ni inuwar wata rumfa. Bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Tun yaushe ka sani?"

Na ce tun ranar farko.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ni a ɗakin ƙasa aka haife ni, a cikinsa nake kwana, ban ga cutar da ya sa mini ba. Ɓera kuwa har a sito na kamfani na gan shi, ya fi namu ƙiba. Ban yarda da maganarsu ba. Amma ba ni zan tsaya a ƙofar gidana in duba ba, su ne. Ba zan kawo mutum ƙofata ya ga abin da ya rataye a kasuwa ya ce gidan cuta ne ba, kuma aikin mutumin da ke cikin hoton."

Na ce ai hoton bai nuna keken ba, da ya ga keken da ya san ni ba irin su kawu ba ne. Na ce zan yi masa jirgin ƙasa. Har agogo na yi masa alkawari.

Ya ce, "Jirgin ƙasa na laka."



Ya ciro ƙunshin, ya kwance, ya ɗauki goro ɗaya ya ɓare, ya miƙa mini rabi, ya mayar da sauran aljihu. Ya ce fuskar gida zai kira masu siminti daga bayan gari. Katangar baya da ɗakunan cikin gida kuwa na ƙasa yake so, saboda zafi, zai aika wa kawuna. Na ce masa ni ba mai katangar baya ba ne. Na faɗa da ƙarfi, har mai rumfar ya ɗago kai. Na juya na tafi, da rabin goron a hannuna, don ban sami zuciyar jefar da shi ba. Kafin in kai gida na cinye.

Matata ta riga ta ji, labarin ya riga ni shiga lungu. Ta ajiye mini ruwa ta ce, "An ce ko tuntuɓe ba ka yi ba."

Na ce ko ɗaya.

Ta ce, "To barka."

Na daɗe ina zagin Baturen nan a raina, ina cewa ya yi mini ƙarya. Daga baya na rasa inda ƙaryar take. Kwatar tamu ce, jujin namu ne, katangar ruwa ne ya zubar da ita, rigar ni na aro. Bai ƙara ko tsinke ba. Ya dai zaɓi inda zai tsaya, ya zaɓi wanda zai sa a hagu. Ni ma da na manna keke a gidan wanda bai iya hawa ba, magana nake yi wa masu wucewa, kuma ban tambayi kowa ba. Bambancin shi ne tasa maganar tana da gilashi da ɗan doka. Mutanen kasuwa kuma, da jahilcinsu na boko, sun karɓe maganar daga hannunsa sun juya ta ta zama tamu, kwana goma sha biyar tana aiki. Mai ilimin cikinsu ne ya zo ya mayar masa da abarsa.

Bayan kwana huɗu kawu ya karɓi goron Sheshe. Ran da aka fara aiki ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakina da sandarsa har na fito. Ni na yi katangar bayan, tun daga tushe. Tana kallon wani lungu da ba mai bi sai masu neman inda za su tsuguna. Na tambaya ko in ɗan yi mata zane a sama, aka ce a bar ta haka.

Allon ya yi shekara guda a Jakara, rana ta cinye hotunan, aka zo aka cire. Sunan Baturen laka kuwa ya zauna, har jikokin maƙwabta suna kirana da shi ba su san mafarinsa ba.

Fuskar gidan Alhaji an yi ta da siminti, fari fat, ba ko ɗigon zane. Ina so in rubuta a nan cewa ta tsage. Ba ta tsage ba. Duk ƙarshen damina nakan bi ta Sheshe, ko ba ni da aiki a can, in rage tafiya a ƙofar gidan in duba ta tun daga ƙasa har sama. Bara wani mai gadi ya tambaye ni ko na yar da wani abu ne. Na ce masa a'a, wucewa nake yi.